Takwas Cikin Goma

Unguwar Boro, Kaduna
7 ga Maris, 1999

Zuwa ga Yaya Celina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da aikin asibiti da sanyin nan da kika ce yana shiga har ƙashi. Mu lafiya lau, sai dai idon Baba Filibus, yanar ta ƙara rufe na hagu, yanzu in ba manyan baƙaƙe ba ba ya gani. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zumuntar mata. An gama zaɓe, kowa na cewa sojoji za su koma bariki a watan Mayu. Baba ya ce sai ya gani da idonsa, Mama ta ce da wane idon.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Wasiƙarki ta Kirsimeti, wadda kika roƙi Baba ya sa albarka ki auri Declan, ni na karanta masa kamar kullum. Ya ce tun da iyayenki suka rasu ya ɗauko ki daga ƙauye, bai taɓa samun ki da rashin hankali ba. Abu ɗaya ya dame shi, bincike. Kin san gidanmu ba a ba da 'ya sai an tura Kawu Ernest garin mijin ya zauna yana tambaya, musamman wajen mata masu burkutu, tunda su suka san mai sha, su suka san mai dukan mace. To Kawun da ko Legas bai taɓa zuwa ba, ta ina zai bi ya je Ireland? Duk da haka Baba ya fara saukowa. Har Mama ta fara waƙa a kicin.

Sai ranar Asabar. Kin san littattafan soyayyar da nake ara wajen Indo, ƙawata ta Makera, ina naɗe su da tsohuwar jarida don kada Baba ya gane. Na bar ɗaya kan benci na je ɗibar ruwa. Ina dawowa na tarar da shi a hannun Baba, ya kai shi dab da hancinsa. Na ce yau na mutu. Ashe ba littafin yake kallo ba, sunan Ireland ya gani da manyan baƙaƙe a jikin jaridar. Ya kware ta, ya miƙo mini littafin ko buɗewa bai yi ba, ya ce in karanta masa takardar in fassara.

Wai an yi bincike an gano takwas cikin kowane maza goma na Ireland suna shan giya, kusan rabi kuma suna busa taba. Wai in aka raba giyar da ake sayarwa a ƙasar, kowane mutum ɗaya zai tashi da abin da ya fi durom a shekara. Da na gama Baba ya ninke takardar ya sa a aljihu ya ce, "To, ga Ernest nan ya dawo daga Ireland." Mama ta ce ai jarida ce kawai. Ya ce Bature ba ya wasa da lissafi.

Ya ce in tambaye ki kai tsaye, Declan yana sha ko ba ya sha?

Ni ma ina tambaya, Yaya. Tun Kirsimeti nake zana shi a raina, dogo, mai magana a hankali, yana riƙe miki lema cikin ruwan sama. Yanzu in na rufe ido kwalba nake gani a hannunsa. Kin rubuto mana launin idonsa, kin rubuto sunan karensa, amma wannan kika tsallake. Me ya sa?

Ƙanwarki,
Damaris


Galway
12 ga Afrilu, 1999

Damaris,

Na samu wasiƙarki. Ina lafiya. Ki gaida Mama, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar kan matashi. Ki gaida Baba da ido.

Wato yanzu aurena a bangon littafin soyayya ya rataya. Takardar da ƙila mai ƙosai ta yar, ita ce Kawu Ernest. Kin kyauta.

Tunda ke ce bakin gidan, ki tambayi Baba wannan. Su wa aka tambaya a binciken? A ina aka tare su, a ƙofar coci ko a ƙofar gidan giya? Me aka ce musu, "ka taɓa sha" ko "kana buguwa"? Jaridarku ta faɗa? Ni a asibiti kusan kullum sai na yi wa mutane irin tambayar nan. Tsohon da hantarsa ta gama lalacewa zai dube ni ya ce kofi biyu yake sha. Yaron da ko ƙanshinta bai iya ba zai ce goma, don kada abokansa su raina shi. Haka muke rubutawa mu miƙa, wani ya tara ya buga, ku ku karanta a Unguwar Boro kamar Littafi Mai Tsarki.

Zancen durom kuwa, ki ce masa ya je Kudenda wajen kamfanin giya ya tsaya bakin titi ya ga tirelolin giyar da ke fita. Ya raba su kan mutanen unguwar, har da jarirai da Hajiyoyi da shi kansa dattijon coci. Sai ya ga Mama tana shan katan guda kafin ta tafi zumuntar mata. Nan ma haka ne, baƙi na cika garin nan duk bazara suna sha su tafi, a rubuta a kan masu gida.

Kawu Ernest in ya je wajen masu burkutu, sunan mutum yake kira. Ya ce wane ɗan wane, yaya yake? Jaridarku ba ta san Declan ba. Ku ma ba ku tambaye ni wane ne shi ba. Ba ku tambayi aikinsa ba, malamin yara ne. Ba ku tambayi yadda muka haɗu ba, uwarsa na yi jinya, shi ke goya ta daga mota har gado.

Tambayar Baba kuma ba zan amsa ta ba. Ba zan tsaya ina wanke mutum daga laifin da takardar ƙosai ta ɗora masa ba. In Baba na son saninsa ya tambaye ni shi, ba ƙasarsa ba.

Ke kuma, ki rage karanta shirmen nan. Ba ni na sa ki zana miji mai lema ba. Yarinyar da ko gaisuwa ba ta iya amsa wa baƙo sai ta ɓuya bayan labule, yau ita ke tuhumata a takarda.

Celina


Unguwar Boro
16 ga Mayu, 1999

Yaya Celina,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. An fara ruwa, rufin ɗakinki na yoyo, mun matsar da akwatinki. Mama tana ɗora ƙafar.

Na karanta wa Baba wasiƙarki duka, har inda kika zage ni, don kada ki ce na rage. Zancen Kudenda ya ba Mama dariya har ta riƙe ciki. Baba bai yi ba. Ya ce yarinyar da ya raina ta kai matsayin da za ta haɗa sunan matarsa da katan ɗin giya. Da na zo inda kika ce ba za ki amsa ba, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ce wanda ba ya sha, kalma ɗaya ce, a'a. Duk wanda ya cika shafi biyu bai faɗe ta ba, ya riga ya amsa.

Ni ma haka na gani. Kin yi ta Turancin lissafi, su wa aka tambaya, a ina aka tambaya. Ni ban sani ba. Abin da na sani, na yi miki tambaya kin kewaye ta kamar rijiya.

Kada ki ce Baba bai yi ƙoƙari ba. Ya ce tunda kin raina jarida, zai yi binciken da ƙafarsa. Akwai wani tsohon Fada ɗan ƙasar su Declan a wata cocin Katolika ta Kakuri. Baba da bai taɓa taka harabar Katolika ba ya sa babbar rigarsa, na riƙe masa hannu muka hau bas. Fadan ya karɓe mu da Hausa tsaf, ya fi ni iya karin magana. Baba ya faɗi sunan Declan da na ubansa da garinsu, ya ce ko ya san gidan. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce masu wannan suna a can sun fi masu suna Monday a Sabon Tasha. Ya ce shi dai shawararsa a yarda da yarinyar, ita ta ga mutumin. Duk maganar nan yana yi da lofe a bakinsa, hayaƙi na tashi. Da za mu tafi ya buɗe firij ya ba ni lemo, sai ga korayen kwalaben giya a jere. Baba bai gan su ba, ƙararsu ya ji, ya tambaye ni a bas, ni kuma ban iya yi masa ƙarya ba.

Da muka iso gida ya ce wa Mama jarida ta ma yi musu sauƙi. Shi ɗan Ireland ɗaya ya gani, kuma mai wa'azi, ga taba ga giya. Ɗaya cikin ɗaya. Mama ta ce in haka ne ita ma ta taɓa ganin dattijon coci ɗaya mai taurin kai, ashe duk haka suke. Ranar bai ci tuwonta ba.

Kika ce ina ɓuya bayan labule. E, ina ɓuya. Amma ni ke zaune gabansa ina karanta baƙar maganarki da bakina, ke kina can bayan teku. Littattafan da kika kira shirme, a cikinsu ma in mace na son mutum ba ta jin kunyar faɗin ko wane ne shi.

Baba ya ce yana jiran kalma ɗaya.

Damaris


Unguwar Boro
11 ga Yuli, 1999

Yaya,

Gaisuwa. Ban sani ba ko kina lafiya, tunda ba ki ga damar faɗa ba. Mu muna nan. Sojoji sun miƙa mulki, an yi ta kiɗa a titi, wuta dai har yanzu sai an ga dama. Baba ya yi zazzaɓi ya warke.

Duk Juma'a sai na je gidan waya na buɗe akwati, ba komai sai ƙura da takardun coci. Ma'aikacin har ya fara yi mini ba'a wai saurayin ya manta da ni. Ina dawowa Baba ba ya ma tambaya, daga tafiyata yake ganewa.

Shirunki ya gama abin da wasiƙarki ta fara. Kawu Ernest ya zo, Baba ya ba shi jaridar, ya tafi da ita ya nuna wa duk wanda ya tsaya kafin ya dawo masa da ita. Ya ji haushi ne an yi bincike ba da shi ba, sai ya mai da kansa mai shelarsa. A bakinsa takwas ta zama tara, durom ya zama tanki. Ranar Talata a zumuntar mata aka tashi aka sa ki a addu'a, wai Allah ya kuɓutar da 'yarmu Celina daga hannun mashayin Bature. Mama tana zaune a layin gaba. Ta dawo ta shiga ɗaki ta rufe.

Ni a makaranta ana ce mini ƙanwar matar ɗan giya. Ba na amsawa, kin san ni. Na mayar wa Indo littattafanta, na ce ta riƙe tukuna. Duk wanda na buɗe sai in ga ke ce a ciki, kuma ba na son in san ƙarshen.

In kin riga kin yi auren a ɓoye, ki faɗa. In kuma girman kai ne, to ki sani ba ke kaɗai ke biyan sa ba.

Damaris


Galway
20 ga Agusta, 1999

Damaris,

Ina lafiya, na gode da tambayar da kika yi da baƙar magana. Ki yi wa Baba sannu da jiki. Ki rungume mini Mama.

Wasiƙunki biyu tare suka iso makon jiya, ta Mayu ta sha ruwa har tawadar ta bazu. Ni ina nan ina cewa ku kuka yi shiru. Wata huɗu ina duba ƙofa, na ɗauka Baba ya hana ki rubutu. Ashe kuna can kuna yi mini addu'ar kuɓuta. Ki ce wa Kawu Ernest, wanda ke zama wajen masu burkutu tun safe da sunan bincike, na gode.

Maganar labule ban kyauta ba. Sauran kuwa ban janye ko ɗaya ba.

Baba na son kalma ɗaya, ba ni da ita. Ga gaskiyar da tsawonta. Declan ba ya shan taba. Giya kuwa, ranar Asabar in sun dawo daga kallon ƙwallo, yakan zauna da babansa su sha kofi ɗaya, wani lokaci biyu, su yi musu kan 'yan wasa, ya raka tsohon gida. Tun da na san shi ban taɓa ganin ƙafarsa ta karkace ba, ban taɓa jin muryarsa ta tashi ba. Uwarsa ko ɗanɗanawa ba ta taɓa yi ba. In mai bincike ya tare shi a titi ya ce kana sha, zai ce e, don ba ya ƙarya. Sai a jefa shi cikin takwas ɗinku tare da mutumin da na wanke wa amai jiya, wanda ya karya hannun matarsa. A takarda su biyun ɗaya ne. Abin da nake ta faɗa muku ke nan kuka ce kewaye-kewaye.

Na san in na rubuta a'a, Baba zai sa albarka gobe, kuma ba wanda zai taɓa zuwa nan ya gani. Declan ma ya ce zai bari gaba ɗaya in hakan zai gyara. Na ce ya bari in yana so, amma ba zan rubuta cewa bai taɓa sha ba. Baba ne ya koya mini haka, ya yi kuka da kansa.

Mun sa rana, Asabar ta biyu a watan Oktoba. Ina son albarkarsa fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki karanta masa wannan yadda take. Kada ki gyara mini labari, ba littafin Indo ba ne.

Yayarki,
Celina


Unguwar Boro
19 ga Satumba, 1999

Yaya Celina,

Ina gaishe ki. Baba lafiya, Mama lafiya, ni ma da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki ni kaɗai a bakin gidan waya kafin in kawo ta gida. Na zauna kan dakali na sake karantawa. Na ga abin da kike nufi da mutum biyun da suka zama ɗaya a takarda, na gani sarai, kada ki ɗauka ban gane ba. Amma na san Baba ba zai gani ba. Sai na shirya yadda zan yi. Zan karanta "Declan ba ya shan taba", in tsallake zuwa "uwarsa ko ɗanɗanawa ba ta taɓa yi ba". Ba ƙarya a ciki, duk maganarki ce. Har gwadawa na yi a hanya, ina tafe ina motsa baki kamar mahaukaciya.

Bayan cin abincin rana muka zauna a tsakar gida, shi da Mama da ni. Na fara da kyau. Da na zo wurin, na ce ba ya shan taba, Mama ta ce Allah mun gode. Sai numfashina ya tsaya. Kaɗan ne, Yaya, ko ƙiftawar ido bai kai ba. Baba ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Damaris, karanta inda kika tsallake."

Na karanta. Kofi ɗaya, wani lokaci biyu, duka. Har inda kika ce shi ya koya miki. A nan na ga bakinsa ya motsa, na ɗauka zai sauko. Mama ta durƙusa gabansa, da ƙafar tata, ta ce Baban Damaris, yarinyar nan da ta so da ta yaudare ka, ka dubi wannan. Ya ce ya duba, kuma gaskiyarki ta faranta masa rai, ba a banza ya raine ki ba. Sannan ya ce shi dattijon coci ne, shi ke dakatar da mutane daga cin jibin Ubangiji saboda kofi ɗaya, ba zai hana 'ya'yan wasu ya sa wa tasa albarka ba. Ya laluba aljihu ya taɓa jaridar, tana nan har yau, ta yi laushi kamar tsumma. Ya ce, "Biyu aka bar mata cikin goma. Ta tsallake su, ta je ta ɗauko a cikin takwas."

Bai sa albarka ba. Bai kuma yi baki ba. Ya ce ke 'yarsa ce har gobe, ɗakinki na nan, amma kada a sake karanta masa wasiƙar da ke da sunan mutumin.

Ina jin haushinsa, ina jin haushin Kawu, ina jin haushin wanda ya zauna ya ƙirga mutanen da bai sani ba. Amma naki ya fi. Kalma ɗaya, Yaya. Ke kin zauna can da gaskiyarki fes, kin wanke hannu, kin bar ni nan ina ƙoƙarin yin ƙaryar da kika fi ƙarfinta, ita ma ban iya ba. Yanzu Baba in na karanta masa ko takardar coci ce sai ya ce in maimaita, ya daina yarda da bakina.

Wataƙila kafin wannan ta iske ki an riga an ɗaura. In ba ta makara ba, ga abin da ke hana ni sukuni. Duk auren da aka yi a cocinmu, akwai inda fasto ke tsayawa ya ce wa ya ba da wannan mace, sai uba ya tashi ya ce ni ne. Na san can ma ana yi. Ki nemi wanda zai tashi tun yanzu. Ba na son a yi tambayar nan coci ya yi tsit kina tsaye.

Damaris